Maciji mai idon kyanwa a ɗakin tantabaru: wane iri ne?

Mai Tantabaru, Kwatarkwashi:

Salamu alaikum jama'a. Gidanmu yana gindin dutse, don haka maciji ba baƙo ba ne gare mu, amma wannan ban san irinsa ba. Bayan sallar isha'i na haska ɗakin tantabaru da tocila, sai ga shi a saman katanga, siriri, kansa ya fi wuyansa faɗi, jikinsa da dabbare-dabbare, ƙwayar idonsa a tsaye kamar ta kyanwa. Kafin in ɗauko sanda ya shige ramin bango. Yarona ya ɗauki hotonsa ya sa a waya, wayar ta ce wai Boiga ne na duwatsun Indiya, kuma dafinsa ba ya kisa. Tun daga nan yaron yake cewa shi zai kama shi da hannu. Masana, me ya kawo macijin Indiya Zamfara? Kuma da gaske ne ba ya da illa?

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko dai a hana yaron nan. Wayar kamanni ta gani ta yi canke.

Boiga zuriya ce mai jinsi sama da 30, mazauninsu Asiya har zuwa arewacin Ostareliya. Waɗanda wayar take nufi suna dazukan Sri Lanka da tsaunukan Western Ghats, jerin duwatsun da suka bi gaɓar yammacin Indiya wajen kilomita 1,600, inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ko a 2019 sai da aka gano wani sabon jinsi a can, Boiga thackerayi. A bishiya suke rayuwa, da dare suke farauta, abincinsu ƙadangaru, kwaɗi da 'yan tsuntsaye. Zafin bazararmu ba wurin zamansu ba ne.

Abin da na fi zato ka gani shi ne namu na Afirka ta Yamma, Telescopus variegatus. Shi ma mai yawon dare ne, yana son tsagar dutse da ramin bango, kuma tsaka da ƙadangare yake bi. Ƙila ma ba tantabarunka suka kawo shi ba.

Dukansu fiƙoƙinsu a can ƙuryar baki suke, wajen saitin ido, ba a gaba ba irin na kasa ko gamsheƙa. Fiƙar kasa rami gare ta a ciki, sara ɗaya ta tura dafi da ƙarfi. Ta waɗannan kuwa 'yar kwari ce kawai a jikin haƙorin, sai macijin ya riƙe abu yana tauna kafin dafin ya gangara cikin raunin. Wannan ya ishi kashe tsaka, amma ga mutum yawanci kumburi ne da raɗaɗi a wurin.

Na ce yawanci. Akwai mai fiƙar baya da ake kira boomslang, kuma muna da shi a Najeriya. A 1957 wani ɗan ƙaramin boomslang ya ciji Karl Schmidt, babban masanin macizai a birnin Chicago ta Amurka. Ya raina cizon, ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa, washegari ya rasu saboda zubar jini. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan macizai ke nan, balle yaro da waya.

Ɗan Yawuri:

Malam, ai su Boigan ma ba salihai ba ne. Wani jinsinsu ya bi kayan sojoji ya shiga tsibirin Guam da ke tekun Pasifik bayan yaƙin duniya na biyu, ya cinye yawancin tsuntsayen dajin wurin ƙarƙaf, har hawa turakun lantarki yake yana jawo ɗaukewar wuta. Alhaji dai ya riƙa ƙirga 'yan shilarsa.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:

Baba, ni abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganar ido. Kububuwa ma ƙwayar idonta a tsaye take, kasa ma haka. Kuma kububuwa ce ta fi kowane maciji kashe manoma a arewacin ƙasar nan. Wanda ya riƙe cewa mai idon kyanwa ba ya kisa, wata rana zai kai hannu inda bai kamata ba. Kububuwa gajera ce, a ƙasa take zama, idan ta ji motsi sai ta naɗe tana goga jikinta yana ƙara. To amma da dare, da hasken tocila, wa zai tsaya tantancewa?

Idan an yi sara, kowane iri ne, kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a yi tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro tun kafin kumburi, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Muna ɗibar jini kaɗan a kwalba mai tsabta mu ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Masu sarar kububuwa da yawa suna zuwa a makare ne don rana ta farko sun ji garau, sai daga baya dasashi ya fara jini. A tambaya tun yanzu wane asibiti kusa da ku yake da allurar, don ba ko'ina ake samu ba.

Mai Tantabaru, Kwatarkwashi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaron ya karanta da idonsa, jikinsa ya yi sanyi. Malam, in liƙe ramin ne kawai, ko in zuba kalanzir kamar yadda maƙwabcina ya ce?

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi:

Bar kalanzir, Alhaji, tantabarun zai cutar. Ka jira ya fita kiwo da dare, sannan kafin ya dawo a liƙe duk ramukan bangon da siminti, da cebur ba da hannu ba. A kwashe tarin itace da duwatsun da ke jikin katangar, a share hatsin da yake zuba, don shi ke tara ɓeraye, su kuma su jawo gamsheƙa. Ka turo hoton nan mu gani, musamman in wutsiyar ta fito sosai.