Lasifika mai tsada: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Da muka zauna da masu sha'awar kayan sauti kan wannan batu, bakinsu ya zo ɗaya a abu guda: daga mai araha zuwa matsakaiciya bambancin a fili yake, amma daga matsakaiciya zuwa irin su Bowers & Wilkins 800, waɗanda ake aiki da su a situdiyon ɗaukar waƙoƙi na Abbey Road da ke Landan, kuɗin ninkuwa yake yi, ƙarin daɗin kuwa ɗan kaɗan ne.

Ɗaki aka fi nanatawa. Falo mai tayil da bango tsirara yakan mayar da sauti, murya ta cakuɗe, ko nawa ka kashe. Shimfiɗa kafet, rataya labule mai kauri, janye lasifikar daga jikin bango, ƙaramin bakinta na sama ya daidaita da kunnenka in kana zaune. Wannan kusan kyauta ne.

Sai amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa lasifika: in ba ta da ƙarfin ɗaukar lasifikar, an yi asara. Wayoyin haɗa lasifika masu tsada kuwa, yawancin waɗanda muka zauna da su dariya suka yi, ni ma haka.

Kafin ka biya, je da waƙar da ka haddace, ka rufe ido a sauya maka lasifikun ba tare da ka ga farashi ba.