Yarjejeniyar dukiya kafin aure: wa ya taɓa yi, kuma ya ta kasance?

Amaryar Gobe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aurena ya matso, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ina da sana'ar da na kafa tun kafin in san wanda zan aura, da ɗan abin da na tara. Shi kuma yana da bashin banki da bai gama biya ba, da bakinsa ya gaya mini. Yayata ta ce mu rubuta abin da kowa ya shigo da shi da abin da ake bin kowa, mu sa hannu a gaban lauya kafin a ɗaura. Ni nauyin furta masa nake ji, kar ya ɗauka tun ba a shiga ba ina shirin fita. Don Allah wanda ya taɓa yi, ko ya ga abin da rashin yi ya jawo, ya ba mu labari.

Maman Biyu:
Ƙanwata, kowa in aka ambaci wannan takarda saki yake hangowa. Ni mijina bai sake ni ba, rasuwa ya yi, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, har muka rabu ban taɓa jin ya ce wannan nawa ne, wancan naki ba. Tare muka gina gidan da muke ciki. Albashina ya shiga harsashi, ya shiga rufi, ya shiga tagogi, amma takardun fili da sunansa kaɗai aka yi su, don shi ya je ya saya.

Da aka zo rabon gado, gidan duka aka lissafa a matsayin dukiyarsa, ni kuma aka ce tumuni ne rabona tunda akwai 'ya'ya. Na ce akwai kuɗina a ciki. Aka ce in kawo shaida, domin ana fitar da haƙƙin mutane kafin a raba. Ina cikin takaba na sa aka fitar mini da bayanan asusuna na shekarun ginin, na baje su a kan gado, ina bin layi-layi da jan biro ina zagaye duk inda na tura masa kuɗi. Waɗannan aka karɓa. Wanda na ba shi hannu da hannu kuwa, kuma shi ya fi yawa, babu mai shaidarsa sai wanda ke kwance a ƙasa. 'Yan uwansa ba mugaye ba ne, wallahi, abin da takarda ta nuna suka bi. Shafi ɗaya mai cewa kaso kaza na gidan nan nata ne, da sa hannunsa da shaidu biyu, da ya wadatar. Shi ya sa maganar nan take taɓa ni sosai.

Mazaunin Faransa:
Allah ya jiƙan mai gida, Hajiya. Ni a Faransa muka yi aure, kuma a nan ko ba ka rubuta komai ba doka ta riga ta rubuta maka. Tun 1966, duk ma'auratan da ba su yi kwantiragi ba, abin da suka samu bayan aure na su biyu ne, abin da kowa ya zo da shi ko ya gada kuma nasa ne. Ni ina harkar kasuwanci, wadda yau riba gobe bashi, sai muka zaɓi tsarin raba dukiya, kowa da nasa. Mun je wurin noter, wato jami'in da hukuma ta ba ikon tabbatar da irin waɗannan takardu, ya karanta mana sashe-sashe, ya ba mu takardar shaida muka kai ofishin magajin gari kafin ranar auren. Matata na fi karewa da hakan, don in kasuwa ta karye, masu bina bashi ba za su taɓa ajiyarta ba matuƙar ba ta tsaya mini ba. Amarya, ki fara tambayar lauya me dokar inda za ku zauna ta ce in babu takarda. Kowace ƙasa da nata: a Ingila ma sai a 2010 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba irin wannan yarjejeniya nauyi, in an yi ta da yardar kowa da sanin abin da ta ƙunsa, kuma ba ta zama zalunci ba.

Anti Z:
Ni dai bari in faɗi ɗaya ɓangaren, don takardar nan tana iya zama makami. Ana saura 'yan kwanaki biki, an gama gayyatar mutane, angona ya miƙo mini ambulan daga lauyansa ya ce in sa hannu, ba wani abu ba ne. Na karanta a mota hannuna na rawa. A ciki an ce in aure ya mutu kowa ya kama gabansa da abin da ke da sunansa, alhali mun riga mun yi magana ni zan ajiye aiki in yara sun zo. Wato shekarun da zan yi ina raino babu su a lissafi. Na ce ba zan sa ba sai nawa lauyan ya gani, ko da za a ɗaga bikin. An ɗaga ɗin kuwa. Lauyata ta ƙara sashen da ya ce duk shekarar da na zauna a gida saboda yara, akwai kason da zai riƙa shiga asusun da ke da sunana. Ya yarda, kuma har yau muna tare lafiya, amma zafin yadda aka kawo mini takardar ya daɗe bai bar ni ba. Muna jihar California ta Amurka ne, kuma dokar jihar ta ce sai an bar wa mutum aƙalla kwana 7 tsakanin ba shi takardar ƙarshe da sa hannu, kuma ba a yarda a rubuta abin da zai tauye kuɗin kula da yara ba. Lauya ɗaya kar ya yi muku ku biyu, ko da abokin kowa ne.

Ɗalibin Ilimi:
Ga masu jin kamar abin baƙo ne a addini: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Uƙba ɗan Amir cewa sharuɗɗan da suka fi cancantar a cika su ne na aure. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji. Maroko ma a dokar iyali ta 2004 ta ba ma'aurata damar yin takarda daban kan yadda za su tafiyar da abin da suka samu a zaman aure. Ni da iyalina mun rubuta namu, shafi biyu ne, waliyyinta da ƙanina suka shaida. Abin da malaminmu ya ja mana kunne a kai shi ne, takarda ba ta canza rabon gado, ba ta kuma sauke wa miji ciyarwa. Aikinta ta bayyana mene ne na wa, don abin da za a raba ya zama na mamacin ne da gaske.

Baban Yasmin:
Mu wurin zaman lissafin ne muka fi amfana. Da muka jera komai, sai ga shi matata ta tsaya wa ƙaninta a wani rance. Ita ba ta ɗauke shi bashi ba, tunda ba ita ta ci kuɗin ba, amma in ya kasa biya ita banki zai nema. Muka rubuta shi cikin abin da ake binta. Mun buɗe asusu ɗaya na hidimar gida, kowa kuma ya riƙe nasa.

Amaryar Gobe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Biyu, kin sa ni hawaye. Saura tambaya ɗaya: da wane baki aka fara maganar?

Baban Yasmin:
Ita ta fara, kuma da nata ta fara. Ta zo da takarda ta rubuta abin da ta mallaka da abin da ake binta, ta ajiye a gabana ta ce, ga ni nan duka, ina so ka san wadda za ka aura. Washegari na kawo nawa. Tunda naki ya riga ya faɗa miki bashinsa, ki nemi ya kawo takardar bankin ku ga saura nawa da lokacin da zai ƙare, kuma kar ki sa hannu a matsayin mai tsaya masa sai lauyanki ya karanta.