Neman kalmar Hausa: me za mu kira "research impact" na masanin noma?

Daga Wad Madani:
Assalamu alaikum, malamai. Muna shirya bayani da Hausa ga manomanmu na Jazira da Gadarif a kan aikin Farfesa Gebisa Ejeta, masanin dawa ɗan asalin Habasha, wanda ya samar da irin Hajin Dura-1 (hajin shi ne irin da aka samu ta hanyar haɗa nau'in dawa biyu) a nan Sudan lokacin da yake aiki da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa mai suna ICRISAT, aka fitar da shi ga manoma a 1983. Takardun Turanci suna yawan amfani da "research impact" a kansa, su kuma na Larabci suna cewa "al-asar al-bahsi". Wace kalma ce za ta ɗauki wannan ma'ana ba tare da manomi ya nemi tafinta ba?

Daga Maiwurno:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin wahala ba, Malam, domin "tasiri" tana nan, asalinta ma Larabci ne, kuma Bahaushen Sinnar da na Sakkwato duk sun san ta. A ce "tasirin bincike". Ba na goyon bayan "amfanin bincike", saboda a bakin manomi amfani shi ne abin da aka girbe, kuma "sakamako" abin da gwaji ya nuna ne kawai kafin a san ko wani zai kula da shi.

Daga Jidda:
Allah ya gafarta Malam, "tasiri" daidai ce, sai dai kalmar Turancin ta haɗa abu biyu a buhu ɗaya, kuma bai kamata mu gaji wannan ruɗani ba. Idan jami'o'i suka yi maganar, galibi abin da suke nufi shi ne sau nawa wasu masana suka ambaci takardun mutum a cikin nasu rubutun, har akwai ma'aunin da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, wanda a kansa masani mai maki 30 yana da takardu 30 da aka ambaci kowace aƙalla sau 30. Wannan lissafi ne na tsakanin masana, ba ya nuna ko kadada guda ta canza. Ɗaya ma'anar kuwa ita ce abin da ya isa gona.

A dubi aikin Ejeta a kan wuta-wuta, wadda wasunmu ke kira ƙuduji, Larabawan Sudan kuma buda. Duk wanda ya yi noman dawa ya san yadda take: ƙwayarta kamar ƙura, tana kwance a ƙasa shekara da shekaru, ba ta tsirowa sai saiwar dawa ta fitar da wani sinadari da ke tashe ta, sannan ta manne wa saiwar tana tsotsa a ɓoye, ta yadda kafin jan furenta ya bayyana dawar ta riga ta tsumbure. Shi da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue ta Amurka sun gano cewa akwai nau'in dawar da ba ta fitar da sinadarin da yawa, suka gina iri mai jure wa cutar a kan haka. Takardun da suka bayyana yadda sinadarin ke aiki masana ne suka karanta. Irin kuwa manomi ne ya shuka, kuma galibi saboda wannan na biyun aka ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009. Ina ba da shawarar a kira na farkon "amon bincike", domin amo yana kai wa nesa ko da ganga ba ta ciyar da kowa ba, a bar "tasiri" ga na biyun.

Daga Gadarif:
Na yarda da rabewar, Malam, amma ina da ƙari a kan tasirin. Irin hajin ba a ajiye shi daga girbin bana a shuka baɗi, domin 'ya'yansa ba sa fitowa bai ɗaya, dole a sayi sabo kowace shekara. Saboda haka fitar da iri daga tashar bincike bai zama tasiri ba tukuna, sai an samu masu yaɗa shi, manomi ya iya saye, uwargida kuma ta yarda cewa garinsa yana yin kisra da asida yadda take so. Kada mu rubuta "tasiri" a inda abin da ya faru bai wuce bikin ƙaddamarwa ba. "Amo" kuma na ɗan ji tsoron a ɗauke ta da ma'anar surutu, ko da yake idan aka bi ta da bayani sau ɗaya za ta zauna.

Daga Wad Madani:
Na gode, malamai. Za mu rubuta "amon bincike" ga yawan ambato a takardun masana, tare da bayani a karon farko, "tasirin bincike" kuma ga abin da ya canza a gona da rumbu. Ma'aunin Hirsch zai zama "ma'aunin amo".