Uwa da 'ya a labaran Sinawan Amurka: don wa aka rubuta su?

Malamin Adabi: Salamu alaikum. Ga maganar da na yi jiya aka taso mini, kuma har yanzu ina nan kan bakana. Littattafan nan na uwa da 'ya da matan Sinawan Amurka suka rubuta sun yi kasuwa ne don sun ba Bature abin da kunnensa ke son ji. Ku ɗauki The Joy Luck Club na Amy Tan, wanda ya fito a 1989. Iyaye mata huɗu ne da 'ya'yansu mata huɗu a San Faransisko. Duk uwar da ta buɗe baki kan ƙasar Sin, ko auren dole za ka ji, ko kishiyoyi, ko mugun miji, ko camfi, sai ka ce Amurka ce aljanna. An yi wa Lindo, ɗaya daga cikin iyayen, baiko tana shekara 2, aka kai ta gidan surukai tana 12. Uwar An-mei ta zama matar attajiri ta huɗu, ƙarshe ta sha guba ta mutu. Wanda bai taɓa ganin Basine ba, in ya rufe littafin me zai ɗauka?

'Yar Fari: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ka yi tuya ka manta da albasa. Mazan 'ya'yan fa? Harold, mijin Lena, Bature ne a littafin. Shi ne mai manna takarda a jikin firji, kowa ya rubuta abin da ya saya a raba kuɗin biyu, har da askirim ɗin da ita ba ta sha, alhali ya ninka ta albashi nesa ba kusa ba. Uwar Lena, Ying-ying, ce ta zo baƙunta, ta karanta takardar nan, ta gane auren ya ruɓe tun kafin 'yar ta yarda. Ted, mijin Rose, shi ma Bature ne, ya so ya kore ta daga gida da 'yar takardar saki da cekin kuɗi. Wa ya ce mata ta tsaya ta buɗe baki? Uwarta An-mei, wadda ta ga abin da shiru ya jawo wa tata uwar. To ina aljannar Amurkar a nan?

Malamin Adabi: A fim ɗin 1993 na Wayne Wang ai Basine aka mai da Harold ɗin. Kuma ko a nan, waɗanda suka kalli fim ɗin sun fi waɗanda suka karanta.

'Yar Fari: To a kama masu fim, a sakar wa littafi mara.

Ɗan Tsohuwa: Ni ina bayan Malam, kuma ba shi ya fara wannan ƙorafin ba. Frank Chin, marubuci Basine haifaffen Kalifoniya, ya daɗe yana caccakar Amy Tan da Maxine Hong Kingston, yana cewa jabun al'ada suke sayarwa. A The Woman Warrior na 1976, Kingston ta ɗauko tatsuniyar jaruma Mulan ta sa iyayenta sun tsaga mata rubutu a gadon baya. A wajen Sinawa kuwa mai rubutu a baya Janar Yue Fei ne, namiji, wani labari daban. Ga shi an buga littafin a matsayin tarihin rayuwa. Bature ya karanta ya ɗauka haka abin yake tun asali.

Autar Mama: Yaya, Kingston ɗin nan, yarinyar da aka haifa a Stockton ta Kalifoniya a 1940, iyayenta na sana'ar wanki da guga, a ina kake so ta samo tatsuniyar cikakkiya? A bakin uwarta ta ji, da daddare, gutsure-gutsure, ta tashi ba ta iya raba mafarki da labari ba. Ita da kanta ta faɗa a littafin cewa ba ta san wanne ne al'adar Sinawa ba, wanne ne talauci, wanne ne halin gidansu kawai. Rikicewar ita ce labarin. Kai kana neman littafin koyar da al'ada, ita kuwa abin da ya iso hannunta take nuna maka.

Hajiya Babba: 'Ya'yan nan, ku bar ni in sa baki. Duk kuna ta al'ada al'ada, ba wanda ya tambayi me ya sa sai a shekarun 1970 da 1980 aka fara jin muryar 'yar sosai. Ai dole sai da uwa a ƙasa kafin a samu 'ya. Dokar Page ta 1875 kusan rufe wa matan Sin ƙofar Amurka ta yi, ta 1882 ta hana leburorinsu shiga. Unguwannin Sinawa suka zama zaman gwauraye, a ƙarshen ƙarni na 19 sai ka ƙirga maza sama da 20 kafin ka ga mace ɗaya. Ko da aka soke dokar 1882 ɗin a 1943, mutum 105 kacal aka yarje wa a shekara. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da dokar 1945 ta ba sojoji damar kawo matansu, sannan dokar 1965, mata suka fara shigowa da yawa.

Kuma su wa suka shigo? Matan da suka ga mamayar Japan da yaƙin basasa da idonsu. Suyuan ta littafin Amy Tan ta ajiye tagwayenta jarirai a bakin hanya tana gudun sojojin Japan daga birnin Kweilin, ga ciwo ya ci ƙarfinta, ta cusa musu 'yan kuɗi da kayan ado da hoto a riga ko Allah zai sa wani ya tsince su. Macen da ta yi wannan ce daga baya take tsare 'yarta ta Amurka a gaban fiyano wai sai ta zama gwana. Malam, wannan ba ƙasar Sin ba ce ke magana, uwa ce da ta rasa biyu, take so ɗayar da ta rage ta zama komai. Ita kanta Amy Tan, uwarta ta bar 'ya'ya mata uku a Shanghai, sai a 1987 ta je Sin tare da uwar ta gan su. Za ka ce mata ta ɓoye abin da ya faru a gidansu don kada Bature ya ji daɗi?

Malamin Adabi: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ban ce ƙarya ta yi ba. Cewa na yi kasuwa ce ke zaɓen gaskiyar da za ta ɗaga. Louis Chu ya fitar da Eat a Bowl of Tea a 1961, kan uba da ɗa da tsofaffin gwaurayen unguwar Sinawa ta New York. Ya rasu ba a san da shi sosai ba, sai daga baya aka tono littafin. Na Amy Tan kuwa ya yi watanni a jerin waɗanda aka fi saye. Daga nan duk Basiniyar da ta ɗauki alƙalami sai a zuba ido a ga uwa mai faɗa da wani ɓoyayyen sirri daga Sin.

'Yar Fari: Wannan kam na ba ka, kan masu buga littafi. Amma ni abin da ya kama ni daban ne. Uwa a littafin nan ba ta yabon 'yarta a gabanta, sai dai ta zaɓa mata abinci mai kyau ta ɗauki mara kyau, kamar Suyuan da ƙaguwar da ta rasa ƙafa. Ni 'yar fari ce, Innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san wannan son da ba a faɗa.

Ɗan Tsohuwa: Anti, kada ki haɗa. Innarki kunya take ji. Lindo kuwa jan Waverly take yi kanti-kanti tana shelar ga 'yata gwanar darar Turawa, har yarinyar ta fizge ta gudu.

'Yar Fari: A waje take shela. A cikin gida fa, ka ji ta ce mata sannu?

Autar Mama: Ni wurin da ya fi tsaya mini, bayan rasuwar Suyuan ne. Ƙawayenta uku sun zaunar da 'yarta Jing-mei a kujerar uwar a teburin majong, wasan da Sinawa ke yi mutum huɗu, suka tara mata kuɗin jirgi ta je ta ba yayyenta tagwaye labarin uwarsu. Sai ta ce ita ba ta san me za ta faɗa ba, ba ta san uwar ba. Tsofaffin nan suka ruɗe, don kowacce ta hango tata 'yar. Malam, wannan don Bature aka rubuta shi?

Malamin Adabi: Wannan wurin a'a. Amma ki duba ƙarshe: ta shiga Sin a jirgin ƙasa, nan take wai ta ji jininta ya motsa ta zama Basiniya. Mace mai shekara 36 da ba ta iya yaren kirki ba! Wannan ai rarrashin mai karatu ne.

Hajiya Babba: Rarrashi ne, na yarda. Jikokina na Ingila in na kira waya da Hausa Turanci suke mayar mini, kuma ban ga tafiya ɗaya da za ta gyara wannan ba. Amma Malam, ka fara da cewa don Bature aka rubuta littafin gaba ɗaya, yanzu ka dawo kan babin ƙarshe. Mu tsaya a wanne?

Malamin Adabi: A na farko, Hajiya. Ku ba ni zuwa bayan isha'i, zan kawo muku babin Ying-ying mu bi shi tare.