Tone rafin da aka binne: gyaran gari ne ko kwalliyar masu kuɗi?

Baffa Sale: Ni dai maganata ɗaya ce, duk wannan yayin da Turawa suka shigo da shi na fasa kwalta a tono rafin da aka rufe a tsofaffin unguwannin masana'antu, kwalliya ce kawai don filaye su yi tsada. Talakan unguwar ba abin da yake samu sai tashi.

Injiniya Mudi: Baffa da girmanka amma ban yarda ba. Ɗauki kogin Emscher na yankin Ruhr a Jamus, yankin kwal da ƙarfe. Kusan shekara ɗari kogin nan kwata ce a buɗe, kashin mutane da dattin kamfanoni duk a ciki, kuma ba sakaci ne ya jawo ba, haƙar kwal ce take sa ƙasa tana zaunawa, in an binne bututu sai ya karye. Sai da haƙar ta ja baya suka fara gyara a 1992, suka gina babban bututun ƙazanta mai kilomita 51 a ƙarƙashin ƙasa daga Dortmund zuwa Dinslaken, ƙarshen 2021 aka daina zuba ƙazanta a kogin gaba ɗaya. Waɗanda suka sha warin nan shekara da shekaru ai leburori ne ba attajirai ba.

Baffa Sale: Nawa aka kashe?

Injiniya Mudi: Yuro biliyan 5.5 ko kusa da haka

Baffa Sale: To ka ji fa

Hajiya Indo: Injiniya ka fadi rabi ka boye rabi. A Dortmund din da ka ambata akwai unguwar Hörde, inda kamfanin karfe na Phoenix yake, an rufe shi 2001 har 'yan Chana suka saye injinan suka kwance suka kwashe zuwa kasarsu. Kogin a karkashin kamfanin yake cikin bututu, aka fito da shi sarari, aka haka tabki a filin aka fara cika shi da ruwa a 2010. Kyau kam ba magana. Amma su waye a gidajen bakin tabkin yanzu? Ba 'ya'yan masu narka karfe bane wlh, manyan gidaje ne na masu hali, tsohuwar unguwar kuma tana gefe kudin haya yana ta hawa. Maganar Baffa kenan

Injiniya Mudi: Gaskiya ne Hajiya, amma wannan laifin wanda ya yanka filayen ya sayar ne, ba laifin ruwa ba. Kuma tabkin nan ba ado kaɗai yake yi ba, an tsara shi ya riƙe ambaliya, a ruwan saman Yulin 2021 da ya yi ɓarna a yammacin Jamus an juya ruwan kogin cikinsa. Bututu iya abin da aka auna masa yake ɗauka, in ya cika sai ruwa ya ɓullo ta gidajen mutane, rafi a buɗe kuwa yana da inda zai bazu.

Dan Fagge: ku bar ta Jamus, ni na Koriya nake gani ana ta yadawa, Cheonggyecheon a birnin Seoul, suka rushe gadar sama guda suka bude rafi wajen kilomita 6 cikin shekara biyu kacal 2003 zuwa 2005, magajin garin Lee Myung-bak har shugaban kasa ya zama bayan nan. in suna iyawa mu me ya hana mu

Malam Habu: Ƙanina wannan misalin ai shi ne ya fi ƙarfafa Baffa. Ruwan da kake gani a hoto ba na rafin ba ne, da famfo ake jawo shi daga kogin Han da ruwan ƙasa na tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kullum ana biyan kuɗin wuta. Sannan gefen nan cike yake da 'yan tebur da masu ƙananan shagunan kayan ƙarfe da na lantarki, an tashi da yawa daga cikinsu, wasu aka ce su koma wata sabuwar kasuwa mai suna Garden Five can kudancin birnin, kuɗin shago ya fi ƙarfinsu ga ba ciniki.

Dan Fagge: ikon Allah, to ai hoton bai nuna wannan ba

Hajiya Indo: Hoto dama ai ba ya nuna wanda aka tasa

Baffa Sale: Yawwa. Kuma mu nan Kano akasin haka ma muka yi, Jakara, rafin nan da ya ratsa cikin birni, rufe ta aka fara yi a zangon Kwankwaso na biyu don a ɗora titin Wuju-Wuju a kanta, mutanen da ke bakinta kuma murna suka yi saboda wari da sauro da yaran da ke faɗawa in damina ta yi ƙarfi. Je ka ce musu za ka buɗe musu ita ka ga idon da za su kalle ka da shi.

Injiniya Mudi: Ai ni ma ba zan ce a buɗe Jakara yau ba Baffa. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne Jamusawa ba da tono suka fara ba, raba ƙazanta da ruwan kogin suka fara yi, shekara talatin suna wannan aikin da ba ya fitowa a hoto. Mu kuwa kwatar gidaje tana shiga Jakara kai tsaye, rafin Getsi kuma yana kwaso na masana'antun Bompai ya haɗe da ita har dam ɗin Wasai, kuma da ruwan nan ake ban ruwan latas da kabeji a hanya. Rufewar ba ta cire dattin ba, ido kawai ta ɗauke daga kai.

Malam Habu: Wato kai da Baffa kun haɗu a kan Jakara, saɓaninku a kan Bompai ne, in wata rana aka ce za a sabunta filayen kamfanonin da suka mutu.

Baffa Sale: A'a Malam ban sauka ba tukuna. Ko an tace ruwan ya zama kamar na randa, in dai ba a rubuta tun farko cewa kaso kaza na gidajen da za a gina na masu ƙaramin ƙarfi ba ne, ni ban sa hannu ba.

Dan Fagge: to wa zai rubuta, wadanda zasu raba filayen a tsakaninsu?

Hajiya Indo: Injiniya muna jiranka

Injiniya Mudi: Wannan ba injiniya ake tambaya ba Hajiya, ku nemo mana lauya