Kun taɓa cin karo da 142,857?

Malamin lissafi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina so kowa ya kawo inda ya haɗu da lambar nan, 142,857. Ni a aji nake aiki da ita. Nakan rubuta ta a allo, in sa kowane layi ya ninka ta, wani sau 2, wani sau 3, har zuwa 6. Sai a samu 285,714, 428,571, 571,428, 714,285 da 857,142. Alƙaluma shidan nan ne dai ke zagayawa, ba sa saɓa jerinsu. Sau 7 kuwa 999,999 ke fitowa, nan take aji ya kaure da hayaniya, har yaran kujerar baya su miƙe tsaye.

Hajiya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam Malam. A rabon gadon mahaifinmu na gan ta, Allah ya jiƙansa. Bayan an biya bashi an fitar da sumunin Mama, naira miliyan ɗaya ta rage mana, maza uku da ni mace ɗaya. Kaso bakwai ke nan. Ni 142,857, kowane namiji 285,714. Ƙanena ya tara a kalkuletar wayarsa, aka ga naira ɗaya ta yi saura. Malamin da ya yi rabon bai tashi ba sai da ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya ko mun yafe ta, ya ce haƙƙi ba ya ƙanƙanta.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Mu bakwai muka haɗa jari, ribar dubu ɗari ta ba kowa 14,285, saura naira 5. Me ya sa bakwai ke yin haka?

Ɗaliba, Kawo:
Amin. Alhaji, sirrin yana cikin saura. Raba 10 gida 7, saura 3. Ƙara sifiri ka sake rabawa, saura 2, sai 6, 4, 5, sannan 1, ka dawo mafari; amsoshin rabon kuwa su ne 1, 4, 2, 8, 5, 7. Duk saurar da bakwai za ta iya bari sai da ta bayyana, shi ya sa alƙaluman ke juyawa. Ita lambar mara ce, kuma tana rabuwa: 27 × 11 × 13 × 37. Na gwada irin wannan rabon da 13 a madadin 7 a jarrabawar gwaji, bai yi ba, domin alƙaluma shida kacal yake maimaitawa maimakon 12. Amma 17 yana yi, da alƙaluma 16.

Malamin lissafi:
Madalla 'yata. Ga ƙari: ninka ta da kanta, za ki samu 20,408,122,449. Yanka biyu, 20,408 da 122,449, ki tara, 142,857 za ta dawo. Irin waɗannan ana kiran su lambobin Kaprekar, sunan wani malamin makaranta ɗan Indiya da ya rasu a 1986. Hajiya, in kin amince zan kai misalin gadon nan aji ranar Litinin, ba tare da ambaton kowa ba.

Hajiya:
Na amince Malam, a dai sa shi a addu'a.