Shafin shagon Baba yana nauyi, odar MoMo na ɓacewa, ga kuma rigimar wasan yaƙi

Ɗan mai atamfa, Alabar:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Mahaifinmu yana sayar da atamfa, shadda da leshi a Alabar nan Kumasi, ƙanena kuma ya haɗa wa shagon shafin intanet da WordPress saboda masu saye daga Accra, Tamale da Techiman. Shafin yana daɗewa bai buɗe ba a waya. Wasu sun biya ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, amma odarsu ba ta shigo ba, mace ɗaya ma sau biyu aka cire mata. Lambobin waya suna zuwa babu sifili a gaba, haruffan ɗ da ƙ da alamar ₵ kuma sun koma akwati. Sannan a bayan shagon ƙanen nawa yana da ɗakin wasa mai na'urar wasan PS4 uku, rauta ɗaya, wato na'urar raba intanet, suke amfani da ita da shago. Baba ya ce a rufe ɗakin, wai shi ke janyo nauyin shafin, kuma ba ya son ganin yara suna wasan harbe-harbe. Ta ina za mu fara?

Mai haɗa shafuka, Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara cire wa ɗakin wasa laifin da ba nasa ba. Shafinku ba a kan rautar shago yake zaune ba, yana kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka, ta kamfanin da kuke biya. Mai saye a Tamale ba ya bi ta shagonku ko kaɗan.

Ka duba hotuna. Hoton da wayar zamani ta ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5. In akwai 40 a shafin farko, mai saye zai sauke wajen megabait 160 kafin ya ga yadi ɗaya. Wa zai tsaya, da tsadar data? A rage faɗin kowane hoto zuwa fiksil 1200, a mayar da shi tsarin hoto mara nauyi na WebP da inganci 75 zuwa 80, zai dawo kusan kilobait 150. Shafin Squoosh yana yin wannan kyauta, WordPress kuma yana karɓar WebP tun sigar 5.8. A jerin kaya a sa ƙananan hotuna masu fiksil 400, kada su wuce 12 a shafi ɗaya. Amma ban da shadda: in ka matse hotonta da yawa, sheƙin da ɓoyayyen zanen cikinta sai su dagule, alhali su mai saye yake nema. A bar mata hoto ɗaya na kusa mai inganci, wanda sai an danna zai buɗe.

Ku cire hotunan nan masu juyawa da kansu a saman shafi, da duk manhajar ƙari da ba a amfani da ita. Bayan haka ku auna saurin shafin da ma'aunin PageSpeed Insights a ɓangaren waya. Abin da ake so shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Hajiya mai koyar da kwamfuta, Aboabo:
Ɗana, maganar kuɗi ce ta fi gaggawa, domin amanar mutane ce. Ga yadda odar ke ɓacewa. Mai saye ya danna "biya", saƙon amincewa ya fito masa, ya bar burauza don ya sa lambar sirrinsa. Idan wayar ƙarama ce, sai ta rufe burauzar a bayan fage. Kuɗi sun fita, amma shi bai koma shafin "an gode" ba. In a wannan shafin ne ake rubuta odar, ta tafi ke nan.

Gyaran shi ne a rubuta odar tun kafin biya, a ba ta lambar shaida tata ita kaɗai, a bar ta a matsayin mai jira. Kamfanin da ke karɓar muku kuɗi yana da saƙon tabbaci da yake turawa kai tsaye daga sabarsa zuwa taku, wanda ake kira webhook. Ƙanenka ya shiga asusun kamfanin ya ga ko an sa adireshin karɓar saƙon, sau da yawa wurin a wofi yake. Wani lokaci kuma manhajar tsaro ce ke tare shi. Wannan saƙon kaɗai ya kamata ya mayar da oda "an biya", bayan an gwada adadin kuɗin da na odar.

Cirewa sau biyu daga danna maɓalli sau biyu ne, don mutum ya ga shiru. Da an danna, maɓallin ya mutu, rubutu ya fito: "Duba wayarka ka amince. In saƙon bai zo ba, buga *170#, shiga My Wallet, sannan My Approvals." Wannan na masu MTN ne. Kuma in kun kunna ajiyar wucin gadi don sauri, ku ware shafin kwando da na biya daga ciki. Matar nan ku kira ta yau ku mayar mata da kuɗinta, kada ku jira gyara.

Mai haɗa shafuka, Asawase:
Hajiya ta gama magana. Sifilin kuwa, an ajiye lambar waya ne a matsayin adadi, kuma 024 a lissafi 24 ne. A mayar da gurbin na rubutu. Excel ma haka yake yi in kun sauke jerin oda. A karɓi lambar yadda mutum ya rubuta, da 0 ko da +233, da tazara ko babu, shafin ya daidaita da kansa. Kada a yi hasashen layi daga farkon lamba, domin tun 2011 ake ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani a Ghana. Mai 020, wadda asalinta ba ta MTN ba ce, zai iya zama a MTN. A bar shi ya zaɓa: MTN, Telecel ko AT. Adireshin GhanaPost GPS kada a tilasta shi, a ƙara gurbin alama, kamar "bayan Babban Masallaci", da tashar motar da za a karɓi kaya.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Tafo Zango:
Yaya, haruffan cuta biyu ce, sai ka duba wadda ta kama ku. In ɗ ta koma É— kuma ƙ ta koma Æ™, an karanta rubutun da aka ajiye da tsarin haruffa na UTF-8 da wani tsari daban, sai a duba tsarin haruffan ma'ajiyar bayanai ya zama utf8mb4. In akwati kake gani, samfurin rubutun ne ba shi da harafin. Ku koma Noto Sans, yana da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ₵, har da ɛ da ɔ na Twi. A kwafi ma'ajiyar a ajiye kafin a taɓa ta.

Rauta kuma: buga wasa ba ya cin data sosai, sabunta wasa ne ke cin gigabait goma-goma. A kashe sabuntawa ta kai-da-kai, a yi ta da dare, a jona na'urorin da igiyar intanet ta Cat6 maimakon Wi-Fi.

Malam na makarantar dare, Sabon Zango:
Ni ina bayan Alhaji mahaifinka a rabin maganarsa ta rufe ɗakin wasa. Yaro ɗan shekara 10 ya yini yana kashe mutane a allo, wanda ya faɗi ya tashi bayan daƙiƙa kaɗan. Babu jana'iza, babu maraya, babu mai gudun hijira. Wanne yaƙi ne haka? Kakannin Zango da dama sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu cikin rundunar Gold Coast, shi ya sa barikin Accra ake ce masa Burma Camp. Sojojin Ghana sun tsaya a Ruwanda a 1994 lokacin da wasu ƙasashe suka janye nasu. Kuma kada a ce wasa ba ya ɗauke da saƙo: sojojin Amurka da kansu suka fitar da America's Army a 2002 don jawo matasa shiga soja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kai yaran gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi a Adum, wadda mayaƙan Yaa Asantewaa suka yi wa ƙawanya a 1900, su ga makaman gaske, su ji abin da suka yi wa mutane.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Tafo Zango:
Allah gafarta Malam, na yarda da batun shekaru, amma ban yarda da rufewa ba. Masu bincike ba su haɗu a kan cewa wasa ke sa yaro ta'asa ba. In an rufe wannan ɗakin, za su buga Free Fire da PUBG a waya inda babba ba ya gani. Abin da ya fi cutarwa shi ne hira da baƙi ta murya cikin wasa, sayen kayan wasa da MoMo ɗin uwa, da tsallake makaranta. Akwai ma wasan da ke nuna abin da Malam ke so a gani: This War of Mine na 2014, inda kai farar hula ne a garin da aka yi wa ƙawanya, kana neman ruwa da magani. Shi ma na manya ne.

Hajiya mai koyar da kwamfuta, Aboabo:
To ku kai wa Alhaji tsari a rubuce. A jikin kwalin kowane wasa akwai lambar shekaru. Call of Duty: Modern Warfare 18 ne, wasan ƙwallon FIFA 3 ne. Na'ura biyu su zama na ƙwallo da tseren mota, ɗaya ta manya, a juya allonta daga ƙofa. Yaro sanye da kayan makaranta ba ya shiga, kuma a rufe da kiran Magariba.

Ɗan mai atamfa, Alabar:
Allah Ya saka da alheri. An mayar wa matar kuɗinta. Yaya za a hana yaran sauya wasa in babba ya fita?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Tafo Zango:
A cikin saitin PS4 akwai sashen kulawar iyaye. Lambar sirrin da yake zuwa da ita 0000 ce, kuma yaran sun san ta, don haka ita za a fara sauyawa. A buɗe wa yara asusu mai iyakar shekaru, a hana buɗe sabon asusu da shigar baƙo, asusun manya kuma a sa masa tasa lambar. Faya-fayan wasannin 18 su zauna a aljihun teburin shago, makulli a hannun Baba.